Hoton Alhaji da Labarin da Ke Bayansa

Shirin faɗakarwa na wannan mako zai duba hotunan da matafiya ke dawowa da su daga ƙasashen waje, da yadda waɗannan hotuna ke riƙe labarin tafiya ko kuma su bar shi ya salwanta. A Ruwan Godiya da ke ƙaramar hukumar Faskari, da sauran garuruwan da ke maƙwabtaka da ita a Ƙanƙara da Sabuwa, idan aka ce mutum ya ƙetare ƙasa, galibi ana nufin ya je ƙasa mai tsarki sauke farali, ko da yake akwai ɗalibai da suka yi karatu a Masar da Sudan da Madina, akwai 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin, akwai kuma 'yan ci-rani da suka taka Gana da Libiya da Aljeriya. Saboda haka hoton aikin hajji shi ne hoton tafiya da ya fi yawa a gidajen wannan yanki, kuma a gidaje da dama shi kaɗai ne hoton da kaka ko kakan gida ya bari a duniya, in ban da ɗan ƙaramin hoton da ke manne a katin zaɓe.

Kafin na'urar ɗaukar hoto ta shigo hannun jama'a, da baki ake adana labarin tafiya, kuma tafiyar kanta ba ta kwana kaɗan ba ce. Mahajjatan ƙasar Hausa na farkon ƙarni na 20 sukan bi ta Borno su shiga Njamena, wadda a lokacin ake kira Fort Lamy, su ratsa Wadai da Darfur har su kai Hartum, daga nan su gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya su jira jirgin ruwan da zai tsallakar da su Jidda, kuma da yake yawancinsu ba su da guzurin da zai kai su, sai su riƙa yada zango suna ƙwadago, musamman a gonakin auduga na Jazira, har tafiyar ta ɗauki shekaru. Wasu sun dawo da 'ya'yan da aka haifa a hanya, wasu kuwa can suka zauna, kamar jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Wanda Allah ya dawo da shi gida, abin da yake da shi na shaida shi ne bakinsa da ɗan ruwan zamzam, sai ya zauna a zaure mutane su kewaye shi yana ba da labari har tsawon rayuwarsa, jikoki su haddace sunayen garuruwan da ya ratsa ko da ba su san inda suke ba. Kaɗan daga irin waɗannan labarai ne suka shiga takarda. Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Bature mai yawon bincike Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa aka rubuta, haka kuma Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan ziyarar da ya kai Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma.

Ita dai fasahar ɗaukar hoto an bayyana ta ga duniya ne a Faransa a 1839, kuma ba ta daɗe ba ta isa Hijaz. Wani injiniyan sojan Masar mai suna Muhammad Sadik Bey ya ɗauki hotunan Madina a 1861, sannan ya ɗauki na Makka wajen 1880, daga baya wani likita ɗan Makka, Sayyid Abdulgaffar, ya ɗauki hotunan Ka'aba da Mina da Arfa waɗanda aka buga a Turai a ƙarshen shekarun 1880. A ƙasar Katsina kuwa, tafiyar da ta yi suna ita ce ta Sarki Muhammadu Dikko, wanda a 1921 ya fita ta Legas, ya bi jirgin ruwa zuwa Ingila inda ya gana da Sarki George na Biyar, sannan ya wuce Jidda a zamanin da Hijaz ke hannun Sharif Husaini. An ɗauki Sarkin hotuna a ziyarce-ziyarcensa na Ingila, kuma masanin tarihi Moses Ochonu ya yi nazarin irin waɗannan tafiye-tafiye na sarakunan Arewa a littafinsa na 2022. Sai dai hoto a wancan zamani abu ne na sarakuna da Turawa, talakan da ya taka da ƙafa daga ƙasar Faskari zuwa Makka ba wanda ya ɗauke shi.

Al'amarin ya canza ne da jirgin sama ya mayar da tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i, tun daga shekarun 1950, musamman bayan da gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975, a daidai lokacin da kuɗin man fetur da na auduga suka ba manoma da 'yan kasuwa da yawa damar biyan kujera. Fasfo ya wajabta wa kowane maniyyaci, wato mai niyyar zuwa hajji, ya zauna gaban mai hoto, kuma a can Makka da Madina masu shagunan hoto sun gane cewa baƙo yana son abin da zai nuna a gida. Daga nan ne aka sami hoton da kusan kowane mai sauraro ya taɓa gani a rataye a bangon ɗaki: Alhaji tsaye cikin farar jallabiya, ya yafa hirami ya ɗora baƙin kambu irin na Larabawa, agogo sabo yana ƙyalli a hannunsa, ya ɗaga tafukansa kamar mai addu'a, a bayansa kuma ga Ka'aba ko koriyar ƙubbar Masallacin Annabi. Idan aka ƙura ido za a ga cewa labule ne aka zana, wani lokaci har naɗewar ƙyallen tana bayyana a gefe, ga kuma shimfiɗar shagon a ƙarƙashin takalminsa. Wannan bai sa hoton ya zama ƙarya ba, domin mutumin ya je, kuma a can aka ɗauke shi; abin da ya faru shi ne ba a barin kowa ya shiga Harami da kyamara a lokacin, sai labulen ya tsaya a madadin wurin. Hajiya ma tana da nata, sau da yawa tana murmushi kaɗan don haƙorin Makka ya fito. Yara kuma ana kawo musu 'yar na'urar roba mai kama da kyamara ko talabijin, wadda ake kanga ido a ramin da ke jikinta ana dannawa hotunan Makka da Madina suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kuma dattawa da yawa na yau ta wannan rami suka fara ganin Ka'aba.

Wanda ya tafi da tasa kyamarar a shekarun 1980 da 1990, fim ɗin da ke cikinta hoto 24 ko 36 yake ɗauka, ba ya kuma ganin abin da ya ɗauka sai ya dawo an kai fim ɗin Funtuwa ko Zariya ko Kano an wanke, don haka yakan yi tunani kafin ya danna. Wannan ƙarancin yana da amfanin da ba a lura da shi ba sai da ya wuce, domin kowane hoto yana da dalilinsa, mai shi kuma yana iya faɗin dalilin.

Tsohon hoton hajji, idan a ainihin wurin aka ɗauke shi, yana iya faɗin shekarunsa ga wanda ya san abin da zai duba, saboda wuraren ibadar sun yi ta sauyawa. Tantunan Mina na yadi, masu tsini kuma mabambanta, alama ce ta kafin gobarar 1997, domin bayanta ne aka kafa fararen tantuna iri ɗaya waɗanda wuta ba ta ci. Idan wurin jifa ya fito a matsayin siririn ginshiƙi, hoton ya girmi 2005, domin bayan hajjin 2004 aka mayar da ginshiƙan dogayen bangaye, daga baya kuma aka gina gada mai hawa-hawa. Tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin Turkawa, wadda ke kan dutse tana kallon Harami, an rushe ta a 2002, a wurinta aka gina dogon benen nan mai agogo da aka kammala a 2012, saboda haka duk hoton da agogon ya leƙo a cikinsa na baya-bayan nan ne. Manyan lemomin da ke buɗewa a harabar Masallacin Madina an gama kafa su a 2010. Har yadin da jiha ke ɗinka wa alhazanta yana taimakawa, kuma duk jakar da aka rubuta wa Jihar Kaduna a hannun mutumin Faskari tana nuna cewa tafiyar ta riga Satumbar 1987, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Sai dai duk wannan shekara kawai yake bayarwa. Wurin ba zai faɗi sunan mutumin da ke tsaye a dama da Alhaji ba, ba zai kuma faɗi cewa shi ne ya goya shi ranar da zazzaɓi ya kayar da shi a Muzdalifa ba.

Ba za a yi maganar hoto a wurin ibada a tsallake saɓanin malamai ba. Wasu, irin su Shaihu Abdul'aziz bin Baz na Saudiyya, sun tafi a kan haramcin hoton mai rai sai da larura, kamar ta fasfo da katin shaida, wasu kuma, tun daga Muftin Masar Shaihu Muhammad Bakhit har zuwa Shaihu Yusuf Ƙardawi, sun ga cewa hoton na'ura kama inuwa ne kawai, ba kwaikwayon halitta ba, don haka hukuncinsa yana bin abin da aka ɗauka da manufar ɗaukar. Wannan shiri ba wurin yanke hukunci ba ne, kowa ya koma ga malaminsa. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne tsoron riya, wato yin ibada don idon mutane, da kuma cutar da sauran bayin Allah, kamar mutumin da zai tsaya cak a tsakiyar ɗawafi ya juya wa Ka'aba baya ya ɗaga waya yana hoton ɗauki-da-kanka, tsofaffi suna ta karo da shi. Hukumomin Saudiyya sun sha gargaɗi a kan haka, kuma dokarsu ta laifuffukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tarar da za ta iya kai riyal dubu 500, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Ɗaukar matan mutane, ko wanda barci ya kwashe a masallaci, ko marar lafiya, ko gawa, ba tare da izini ba, abu ne da bai dace ba ko da babu doka, haka kuma ɗaukar jami'an tsaro da shingayen filin jirgi yana iya sa a ƙwace waya a kowace ƙasa.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, kuma cikin 'yan shekaru kyamara ta koma aljihun kowa, har ya zama alhaji ɗaya yana iya dawowa da hotunan da suka fi na dukan ayarin garinsu a 1985. A nan ne wani bincike ya cancanci a ambata. Linda Henkel, masaniyar halayyar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Fairfield ta Amurka, ta zagaya da ɗalibai gidan adana kayan tarihi, ta sa suka ɗauki hoton wasu abubuwa, wasu kuma suka tsaya suka kalle su kawai, da aka tambaye su washegari sai aka tarar sun fi manta abubuwan da suka ɗauka. Bayanin da ta bayar a sakamakon da aka buga a 2014 shi ne mutum yakan sallama wa na'ura aikin tunawa da zarar ya danna. Amma ta lura cewa waɗanda suka matso da hoton kan wani sashe na abin, wato suka zaɓi abin da suke son ɗauka, ba su yi wannan mantuwar ba. Wani binciken da Kimberley Wade da abokan aikinta suka buga a 2002 ya nuna ɗaya fuskar matsalar, domin sun haɗa hotunan bogi da ke nuna mutane suna yara a cikin balan-balan mai tashi sama, bayan an zauna da su sau uku sai rabinsu suka fara ba da labarin tafiyar da ba a taɓa yi ba. A yau da ake iya ɗora mutum a gaban Ka'aba ko hasumiyar Dubai da 'yar manhajar waya, wannan sakamako ya wuce abin dariya.

Abin da ya dace da matafiyi, bisa wannan, shi ne ya fara kallo da idonsa, ya yi ibadarsa ko harkarsa, sannan ya ɗauki kaɗan da niyya. Ya goge idon kyamarar da gefen riga, domin maiƙon hannu ne ke sa hoto ya yi hazo. Hasken safiya da na la'asar sun fi na tsakar rana, kuma a wuri irin Harami, inda farin dutse da fararen tufafi ke mayar da haske, waya takan rage hasken da kanta har fuskar baƙin mutum ta duhunce, maganin haka shi ne a taɓa fuskar a kan gilashin wayar kafin a danna, a kuma sa rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Hoton Ka'aba ita kaɗai akwai dubbai da suka fi nasa kyau a kasuwa. Wanda babu a kasuwa shi ne na ɗakin da suka kwana su shida, da tukunyar da matan ayari suka tuƙa tuwo a ciki, da layin shiga mota zuwa Arfa, da fuskokin abokan tafiya, kuma shekara ashirin nan gaba waɗannan ne iyali za su yi ta tambaya a kansu.

Akwai kuma hoton da ke yaudara ba tare da an taɓa shi da manhaja ba. Saurayin da ya tafi ci-rani Libiya ko Saudiyya yakan jingina da motar da ba tasa ba, a ƙofar gidan da yake gadi, ya aiko da hoton gida, ba zai aiko da na ɗakin da suke cunkushe ko na ranar da aka kama shi babu takardu ba, domin ba mai son a ce ya tafi a banza. Ƙannensa da ke kallon wannan hoto a Sabuwa ko Ƙanƙara sai su ɗauka rayuwar ke nan, wani ya sayar da gona ko babur ya bi hanyar Agadas. A gefe guda kuma, yankin nan ya sha fama da 'yan bindiga masu satar mutane don kuɗin fansa, kuma a lokacin da kujerar hajji ta haura naira miliyan takwas, kamar yadda ta yi a 2025, hoton da aka saka a Facebook daga filin jirgi yana sanar da wanda ake so da wanda ba a so cewa gidan nan akwai hali, maigidan kuma ba ya nan. Ya fi dacewa a tura wa iyali kai tsaye, a jinkirta yaɗawa har a dawo, a kuma bar hoton fasfo da biza da tikiti a aljihu, domin masu damfara suna amfani da bayanan da ke jikinsu.

Maganar adanawa ita ce ta fi nauyi, domin ta nan ake asara kullum ba a sani ba. Hoton takarda yana da maƙiya huɗu a wannan ƙasa, wato danshin damina da ke manne hotuna da juna, da gara, da rana, da kuma hannun yara. Hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980 sukan koma ja-ja saboda rinin da ke ba da shuɗi ya fi saurin kodewa, alhali baƙi-da-fari da aka wanke da kyau ya fi su ƙarko. Liƙe hoto cikin leda da zafin inji, wanda mutane da yawa ke ɗauka gata ne, ba ya warwaruwa, kuma idan ya fara lalata hoton babu yadda za a cece shi. Gara a saka shi a ambulan mai tsabta cikin akwati, nesa da bango da ƙasa, a rataye kwafinsa a ɗaki. Hoton waya kuwa ya fi wannan rauni, ko da yake ba ya nuna alama. Waya takan faɗa ruwa, a sace ta, a sayar, ko mai gyara ya goge komai, katin ajiya kuma yakan mutu dare ɗaya. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, ya kuma cire bayanan rana da wuri da waya ke ɓoyewa a cikinsa, sai fa idan an tura shi a matsayin fayil. Rumbun ajiya na intanet yana da amfani matuƙar ana tuna kalmar sirri, amma mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, aka yi watanni abin da ke intanet ba ya samuwa. Waɗanda tashin hankali ya raba da ƙauyukansu cikin dare kuma sun san cewa ba a tsayawa ɗaukar akwatin hotuna. Don haka ba a dogara da wuri guda: kwafi a waya, kwafi a intanet ko a hannun ɗan'uwa da ke wani gari, sannan a zaɓi goma ko ashirin mafi muhimmanci a kai shago a wanke su a takarda.

Duk wannan ɗawainiya ba ta da amfani idan hoton ya rasa suna. A bayan kowane hoton takarda ya kamata a rubuta sunan wanda ke ciki da na mahaifinsa, da garinsu, da wurin da aka ɗauka, da shekarar, da boko ko da ajami, kuma da fensir, domin tawadar biro tana ratsa takarda ta ɓata fuska. Wayar da ta kawo matsalar yawan hotuna ita ce kuma ta kawo sauƙin naɗar murya, saboda haka jika zai iya zama kusa da kakarsa bayan sallar la'asar, ya miƙa mata hoton, ya kunna naɗi ya ce, "Hajiya, wace ce wannan da ke riƙe da buta a bayanki?" Daga wannan tambaya ɗaya za a ji shekarar da aka tafi, da abin da aka sayar aka biya kujera, da wanda ya raka su filin jirgin Kano, da wanda ya rasu a can aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a. A ajiye muryar tare da hoton, a tura wa 'yan'uwa.

Wajen rabon gado ne hotuna suka fi ɓacewa, domin ana lissafa gona da gida da dabbobi, akwatin takardu kuwa a bar shi a ɗakin da ba mai kwana har damina ta shiga. Ya kamata magada su zaɓi mutum ɗaya mai kula ya riƙe na asali, a ɗauki kwafi mai kyau a raba wa kowa, har da 'ya'ya mata da ke aure a wasu garuruwa. Idan kuma a cikin tarin akwai tsohon fasfon hajji, ko tikitin jirgin ruwa, ko wasiƙar da aka aiko daga Sudan, to masu binciken tarihi a Gidan Arewa da ke Kaduna, da sassan tarihi na jami'o'in Katsina da Zariya, suna neman irinsu, kuma ana iya ba su damar ɗaukar kwafi, na asalin ya ci gaba da zama a hannun iyali.